Tsohon wasan jirgin ƙasa a sabuwar kwamfuta: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Yawancin masu cewa Railroad Tycoon ya ƙi tashi a kwamfutarsu suna zargin ɗayan biyu ne: ko wasan ya lalace, ko na'urar ba ta da ƙarfi. Da wuya ya zama haka. Kowace kwamfutar hannu da ake sayarwa a kasuwar Maraɗi yau, har wadda ta sha jiki, ta fi ƙarfin wasan nan nesa ba kusa ba. An rubuta shi ne don na'urar wani zamani, sai ka tanadar masa irin wurin da ya saba kafin ya yi aiki.

Kuskuren farko shi ne rashin sanin wane wasa ne a hannunka. Sunan ɗaya ne amma gyaran ya bambanta. Na farkon, wanda Sid Meier ya tsara kuma kamfanin MicroProse ya fitar a 1990, na DOS ne, wato tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta da ya riga Windows, haka ma Deluxe na 1993. Railroad Tycoon II na kamfanin PopTop ya fito a 1998, na Windows ne. Na uku ya biyo baya a 2003, shi kuma yana buƙatar katin hoto. Mutum zai kwana yana gwada maganin na biyu a kan na farko, ya ƙare da ciwon kai. Duba shekarar tukuna.

In na DOS ne, daina danna fayil ɗin sau biyu kana jiran ya buɗe. Windows mai bit 64, wato kusan duk wadda ke yawo yanzu, ba ta iya tafiyar da manhajar DOS mai bit 16, kuma babu abin da za ka canza a shafin Compatibilité da zai sa ta iya. DOSBox kake buƙata. Kyauta ne, ba ya cin mega, aikinsa kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa.

A nan ne jama'a suka fi yin tuntuɓe. DOSBox yana buɗewa da Z:\> a baƙin allo, bai san komai game da abin da ke cikin kwamfutarka ba sai ka nuna masa. Buɗe dosiye a C mai gajeren suna, kada ya wuce harufa 8, babu tazara, babu harafi mai ƙugiya ko mai wasali a ka. A ce ka sa masa suna jirgi. Sai ka rubuta mount c c:\jirgi, ka danna Entrée, ka rubuta c:, sannan dir don ka ga fayilolin. Wanda ya ƙare da BAT ko EXE ko COM shi ke tayar da wasan. Kada ka taɓa haɗa C ɗinka gaba ɗaya da umarnin mount, domin duk abin da aka goge daga cikin DOSBox ya gogu da gaske. Kuma ba sai ka riƙa maimaita rubutun nan kullum ba: a ƙarshen fayil ɗin saiti na DOSBox akwai sashen autoexec, zuba layukan a can sau ɗaya ka huta.

Akwai wata matsala da ta fi damunmu a nan fiye da maƙwabtanmu na Katsina. Kwamfutocinmu kashi biyu ne: waɗanda suka shigo ta Jibiya masu madannai irin na Ingilishi, da waɗanda suka zo daga Faransa masu AZERTY. A kan AZERTY wani lokaci ka danna A sai Q ta fito, alamar : kuma ta ɓace, mutum ya kasa ko rubuta umarnin farko. Rubuta keyb fr, in ya daidaita ka ƙara shi a autoexec. Haka kuma wasan yana amfani da maɓallan F1 zuwa F10 sosai wajen sauya taswira da duba lissafi, alhali a kwamfutar hannu da yawa waɗannan maɓallan an ba su aikin ƙara sauti da haske. Riƙe Fn kafin ka danna.

Sai gudu. Wasu suna jin cewa cycles=max, wato mafi girman gudu, ya fi kyau, su sa a fayil ɗin saiti, sai shekaru su riƙa wucewa kafin su gama shimfiɗa layi ɗaya. Wasan 1990 ba ya son haka. Ctrl da F11 suna rage gudu, Ctrl da F12 suna ƙarawa. Fara daga wajen 3000 ka daidaita da idonka. Hoton kuma an zana shi ne don allo mai siffar 4:3, in aka miƙe shi ya cika faffaɗan allo sai taswira ta baje. Sa aspect=true a fayil ɗin saiti. Alt da Entrée suna cika allo, Ctrl da F10 suna sakin linzami in ya maƙale a ciki. Idan wasan ya tambayi sauti, zaɓi AdLib ko Sound Blaster in yana cikin jerin.

Wani abu da ake ɗauka lalacewa ce: a farkon na 1990 ana nuna maka hoton kan jirgi a ce ka faɗi sunansa. Hanyar hana satar wasa ce ta wancan lokaci, amsar tana cikin littafin da ke zuwa da shi. Wanda ya yi ta cinke ya faɗi, wasan zai taƙaita masa yawan jiragen da zai iya saye. Nemi littafin ka ajiye kusa. Ko ba don wannan ba ya cancanci karatu.

Na biyu da na uku ba sa buƙatar DOSBox. Abin da ya fi kawo cikas shi ne girka su a Program Files, inda Windows ke hana tsofaffin manhajoji rubutu. Ka adana wasanka, gobe ka neme shi ka rasa, alhali yana iya kasancewa a ɓoye cikin AppData\Local\VirtualStore. Girka a wani dosiye naka daban. In har yanzu yana gardama, danna dama a kan fayil ɗin, shiga Propriétés, sannan Compatibilité, ka gwada Windows XP. Na uku in yana mutuwa da zarar taswira za ta buɗe, kashe Hardware T&L a saitin hoto; wannan ya warware wa mutane da yawa.

Maganar inda ake samo wasan kuwa, ina roƙo da babbar murya: a bar kwafin da ke yawo a kile daga hannu zuwa hannu. Sau da yawa fayiloli sun ɓace a ciki, ga ƙwayar cutar nan mai mayar da dosiye gajeriyar hanya. Tsofaffin fayafayai ma ba tabbas, tunda Windows 10 ta daina karɓar makullin SafeDisc da ke kan wasunsu. GOG, shagon wasanni na intanet, na sayar da Railroad Tycoon II Platinum a gyare, ba ya neman faifai. Wanda ba shi da katin biya ta intanet ya sauke OpenTTD, wanda aka gina a kan tsarin Transport Tycoon Deluxe na Chris Sawyer na 1995. Halal ne, kyauta ne, yana tafiya kai tsaye a Windows da Linux, sai dai ka yarda ya sauke hotunan OpenGFX a buɗewar farko.

Abin da ya sa nake damuwa da wannan wasa shi ne, da yawan samarinmu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba, ga shi tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Wasan yana koya abin da ke sa layi ya ci riba, kuma a nan ma akwai kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi: ya ci bashi ya shimfiɗa dogon layi zuwa gari mai nisa, jirgi ya tafi da kaya ya dawo wayam. Duk direban babbar mota da ke lodin wake ko albasa zuwa kudu ya san dawowa babu lodi asara ce. Fara da garuruwa biyu na kusa masu fasinja da wasiƙu, ka tabbata tashar ta rufe gidaje da masana'antun da kake so. A na biyu kada ka manta da tankin ruwa da yashi da gidan gyaran kan jirgi, in ba haka ba jirgi zai riƙa jan ƙafa ko ya tsaya a daji.

Ka riƙa adana wasa a ƙarshen kowace shekara ta cikinsa, da suna biyu kana musanyawa, domin in wuta ta ɗauke ana cikin rubuta fayil, ɗayan zai tsira. A watan Afrilu da Mayu kuma kada ka ɗora kwamfutar a kan katifa, ɗaga ta iska ta shiga ta ƙasa, ka sa a hure ƙurar da hunturu ya tara a fankar.