Yadda za ka gyara ƙaramin injin tanin ɗinka da kuɗi kaɗan

Duk mai fitar da ƙafar tebur ko ta gado a ƙaramin injin juya katako ya san matsalarsa ta farko rawa ce, kana kunnawa ka ga yana tafiya da kai, aiki ya fito gurɗa-gurɗa kai ta zargin kurfi alhali ba laifinsa bane. To kar ka sayi komai sai ka kashe rawar nan tukuna.

Ka ɗaure injin da noti a jikin benci mai kauri, ka yanko tsohuwar tayar mota ka sa a ƙasan ƙafafuwan, sannan ka buga katako a ƙasa kamar kanta ka ɗora buhu biyu na yashi. Yashi ya fi bulo don shi shanye girgizar yake, kuma kusan kyauta ne.

Daga nan sai gudu. Yawancin motocin lantarki masu juya injin da muke samu suna juyi wajen 1400 a minti, wannan daidai ne ga siririn katako amma ga mai faɗin inci 10 haɗari ne wallahi. Lissafin da masu sana'ar ke bi shi ne faɗin katako a inci sau gudun injin ya tsaya tsakanin 6000 da 9000, kenan inci 10 yana son 600 zuwa 900. Idan ka sa fuli (gargaren da bel ke hawa) mai inci 2 a mota, mai inci 4 a sama a jikin injin, gudu ya dawo 700. Ni abin da na fi so ma shi ne a ɗora motar kan katako a sa masa pata irin ta ƙofa a gefe ɗaya, nauyin motar da kansa zai ja bel ɗin, in za ka canja fuli ɗagawa kawai za ka yi, ba ruwanka da sifana.

Sai ƙarfen da kurfi ke kwanciya a kai. Shafa shi da yatsa za ka ji tabo-tabo, su ne ke riƙe maka hannu. Goge da magagari, bi da samfefa, shafa kyandir. In ya ci sosai je wurin 'yan gwangwan ka samo sandar tsohon shokazoba, mai walda ya ɗiga maka ita a sama, santsinta daban ne.

Dogon aiki kuma irin sandunan bene na katako da ke lanƙwasa a tsakiya, yanka zobe a filawud mai kauri da zai kewaye katakon ya tallafe shi, ka yi hannu 3 masu tsaga da za su riƙa matsawa ciki da waje, kowanne da boris a baki, noti mai milimita 8 na shiga boris lamba 608 cif. Ka naɗa musu salatif don kar su zana katakon.

Makunni kuwa don Allah kar a yi wasa da shi. NEPA su ɗauke ka manta a kunne, su dawo hannunka ko na yaron shago na kan katako. Ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka kwantakta, wuta na tafiya ta saki, ba zai sake tashi ba sai ka danna. Kuma ka sa takunkumi da gilashin fuska, ƙurar maɗaci har a maƙogwaro za ka ji ɗacinta.