Yadda ake haɗa igiyoyin ƙwayoyi biyu a akselarata ba tare da sun baje ba

'Yan uwa ɗaliban fizik na nan Damagaram, in ana son ƙara kuran, wato yawan cajin da ke wucewa kowace daƙiƙa, a akselarata, na'urar da ke ƙara wa ƙwayoyi gudu, kar ku fara da tunanin cusa furoton (ƙwayoyi masu cajin lantarki na cikin atom) da yawa cikin dunƙule ɗaya. Duk cajinsu iri ɗaya ne, ture juna suke, kuma turin ya fi muni tun gudunsu bai yi nisa ba, sai igiyar ta baje, emitans ɗinta ya hau, wato faɗinta haɗe da karkatar ƙwayoyin, kuma bisa ƙa'idar Liouville maganaɗisu kaɗai ba ya sake matse shi. Wurin da babu kowa ake nema a zuba sabbin ƙwayoyin.

Ku fara da layi biyu, kowane da RFQ ɗinsa, na'urar da ke dunƙule ƙwayoyin ta fara ba su gudu, firikans ɗaya, wato yawan zagayen filin lantarkinsu a daƙiƙa ɗaya ne, amma ku jinkirta ɗaya da rabin zagaye don dunƙulensa ya faɗo daidai giɓin ɗan uwansa. Kamar 'yan kabu-kabu ne daga hanya biyu za su shiga lungu ɗaya a bakin Kasuwar Dole, wannan ya wuce sannan wancan. Ku kusanto da layukan da maganaɗisu, a mahaɗar ku sa makarkata ta RF (firikans na rediyo) mai juya filin lantarkinta, dunƙulen da ya karkato hagu ta bugo shi dama, wanda ya karkato dama ta bugo shi hagu, su hau layi ɗaya. Sashen gaba sai ya yi aiki da firikans ninki biyu. Kuran ya ninka ke nan alhali cajin kowane dunƙule yana nan yadda yake.

A nan fa ake faɗuwa, wallahi ku kula, dole dunƙulen ya iso gajere. In ya yi tsawo kansa da wutsiyarsa ba sa shan bugu iri ɗaya, ingancin da ake ta tattali ya tafi.

In zobe za ku cika, wato akselarata mai siffar da'ira, dabarar daban ce, an fara ta a Novosibirsk ta Rasha shekarun 1960: a turo haidurojin mai ƙarin elektaron, ya ratsa siririn fallen kabon da zai tuɓe masa elektaron biyu, ya koma furoton a kan hanyar waɗanda ke zagayawa. Haka CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ke yi tun 2020, miƙaƙƙen layinta Linac4 na ba zoben PS Booster ƙwayoyi a 160 MeV (ma'aunin makamashin ƙwaya), tsohon Linac2 kuwa a 50 ya tsaya.

Ko a kwamfuta kuke gwadawa, ku auna emitans kafin mahaɗa da bayanta, ku ƙirga har ƙwayoyin da suka bugi bango.