Yadda Iyali Daga Kaduna Za Su Tsara Cefane a Birtaniya

Iyalin da suka saba cefane a Kasuwar Bacci ko Bakin Dogo, inda ake taya kaya a ce albarka, a ƙara a sallama, sannan a roƙi gyara, sukan sha wahala a watanninsu na farko a Birtaniya, ko karatu ne ya kai su ko aikin asibiti. A can farashi a rubuce yake, babu ciniki, kuma da kilo da lita ake awo. Saboda haka shirin yana farawa ne tun daga gida: uwargida ta ɗora mudun shinkafa da na wake da na gari a kan sikeli, ta rubuta nauyin kowanne, sannan ta ƙirga mudu nawa gidan ke ci a wata. Da wannan lissafi za ta san ko buhu mai kilo 5 zai ishe su ko sai mai kilo 10.

Wajen haɗa guzuri ma akwai abin lura. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama da madara da duk abin da aka yi da su, wato kilishi da dambun nama da man shanu ba za su wuce ba, komai kyan ƙunshinsu. Gara a ba da gurbin ga kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, a ƙulle su da kyau, a rubuta sunan kowanne a jiki. A duba shafin gwamnatin ƙasar kafin ranar tafiya domin ƙa'idojin suna sauyawa, kuma idan jami'an kwastam suka tambaya a faɗi abin da ke cikin jaka.

Idan an sauka, babban abin da ya kamata maigida da uwargida su amince da shi shi ne cewa shago ɗaya ba zai ɗauke musu cefane ba, sai an raba shi gida uku. Madara, ƙwai, burodi, taliya, albasa, tumatirin gwangwani da sabulu, a saye su a manyan kantuna. Aldi da Lidl sun fi sauƙi a yawancin kaya, Tesco da Sainsbury's kuwa suna da katin abokin ciniki wanda kyauta ake yin sa, kuma wanda ba shi da shi yakan biya fiye da mai shi a kan kaya iri ɗaya. Kada a tsaya ga babban farashin da ke jikin kanta. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin rubutu mai nuna kuɗin kilo ko lita, kuma da shi ake gane wanne ya fi araha tsakanin ƙaramin ƙunshi da babba.

Gida na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan girkin Bahaushe a can, shi ne shagunan 'yan Pakistan da Indiya da Bangladesh, waɗanda suke da yawa a Birmingham, Bradford, Leicester, Manchester da gabashin Landan. Abincinsu ya yi kusa da namu fiye da yadda ake zato. Suna sayar da garin gero da sunan bajra, garin dawa da sunan jowar, ga tsamiya ta kunu, ga ɗanyar kuɓewa, citta, kanumfari, da shinkafa buhu-buhu. A nan ne kuma ake samun mahautan halal masu naman akuya da kayan ciki da ƙafar saniya, waɗanda ba kasafai ake ganinsu a manyan kantuna ba. Wanda yake son tabbaci kan yanka ya tambayi mahaucin wace hukuma ce ta tantance shi, domin wasu hukumomin, irin su HMC mai sa ido kan naman halal a Birtaniya, ba sa amincewa da dabbar da aka sumar kafin a yanka ta, wasu kuwa suna amincewa. Kaza ma sai an zaɓa, domin ta kanti tana narkewa a miya tun kafin ta ji kayan ƙamshi; a nemi tsohuwar kaza mai tauri a wurin mahauci.

Gida na uku, wato shagon 'yan Afirka, irin waɗanda suka cika Peckham a kudancin Landan, a bar shi ga abin da ba shi da madadi, kamar manja da doya da garin rogo da agushi, saboda nan ne kuɗi ke saurin tafiya. Sauran duk ana iya musanyawa: shinkafa mai gajeren ƙwaya da Turawa ke dafawa da madara tana yin tuwo mai danƙo, alayyahon firiza kuma yana yin miyar taushe.

Karanta bayan kwali wajibi ne ga iyali Musulmi, musamman a kayan yara. Alawa mai danƙo da wasu nau'o'in yogot suna ɗauke da jelatin, sinadarin da ke sa su danƙo, wanda sau da yawa daga alade ake samun sa, wasu kek da miyar kwalba kuma ana zuba musu giya. Alamar abincin marasa cin nama tana kawar da shakkar alade, amma ba ta kawar da ta giya, don haka sai an bi jerin kayan haɗin. Kwanan watan da ke jikin kaya shi ma iri biyu ne: "use by" na nufin kada a ci bayan ranar, "best before" kuwa inganci ne kawai ke raguwa. Da yamma kantuna sukan manna rawayar takarda a kan kayan da ranarsu ta kusa, su rage kuɗin sosai, kuma mai firiza babba shi ke cin ribar wannan. Idan gidaje biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka sayi rago guda a wurin mahauci suka raba, firizar ce dai za ta riƙe naman.

A riƙa fita da jaka daga gida domin leda sayar da ita ake yi, a kuma ajiye tsabar fam 1 saboda keken zuba kaya a wasu kantuna. Ranar Lahadi a Ingila da Wales doka ta taƙaita manyan kantuna ga awa 6 tsakanin ƙarfe 10 na safe da 6 na yamma, kuma da yawa suna rufewa tun ƙarfe 4, saboda haka babban cefanen mako ya fi dacewa da Asabar.