Yadda Ake Hana Ƙiba Dawowa Bayan Tiyatar Rage Tumbi Ta Hanyar Rage Sitaci da Sukari

A shekarar farko bayan tiyatar rage ƙiba, nauyi kan zube kamar da wasa. Loma biyar ta cika ciki, yunwa ta yi sanyi, rigunan bara duk sun yi yawa. A nan ne mutane da dama suke sakin jiki, suna ganin an gama. Ga yawancin waɗanda aka yi wa aikin, nauyi yakan kai iyakar saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 24. Daga nan sai yunwa ta fara leƙowa, tumbi ya ɗan saki, sikeli kuma ya soma hawa a hankali.

Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi diddigin masu ƙiba fiye da 4,000, kusan rabinsu an yi musu tiyata, ya nuna haka ƙarara. Waɗanda aka yi wa tiyatar baifas, wato wadda ake sa abinci ya tsallake yawancin tumbi, sun rage kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, amma bayan shekara 10 ragin ya tsaya a kusan kashi 25. Wato mai kilo 120 ya sauka zuwa wajen 82, sannan ya koma 90. Irin wannan ɗan hawan abu ne da aka saba gani. Abin gudu shi ne kilo 8 ya zama 20, ya zama 30, ciwon sukari da hawan jini su biyo shi. Matakan da ke ƙasa domin tare wannan ne.

Mataki na 1: Ka san sabon tumbinka

A tiyatar silib ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. A baifas kuwa ana ware 'yar jaka mai girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Ko wacce aka yi maka, ka ɗauki abin da ya rage kamar mazurari. Zuba masa tsakuwa, nan da nan ya cika ya tsaya. Zuba masa ruwa, komai yawansa zai wuce. Nama, kifi da ƙwai su ne tsakuwar: suna zama, suna riƙe ciki sa'o'i. Biskit, kek, alewa, cakulan, askirim da soyayyen dankali mai ƙaras-ƙaras kuwa, suna haɗuwa da miyau sai su narke su silale. Mutumin da ba ya iya gama rabin ƙirjin kaza yana iya cinye ledar biskit gaba ɗaya bai ji komai ba.

Akwai matsala ta biyu, musamman ga masu baifas. Idan sukari ya faɗa hanji da gaggawa, cikin minti 10 zuwa 30 mutum kan ji bugun zuciya, gumi, jiri, murɗar ciki ko zawo. Likitoci suna kiran wannan dampin. Wani nau'insa yakan zo a makare, bayan awa ɗaya zuwa uku: sukarin jini ya yi tsalle, jiki ya sako insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sukarin ya faɗi ƙasa warwas, sai rawar jiki da matsananciyar yunwa. Me mutum zai nema a lokacin? Wani abu mai zaƙi. Haka za a yi ta zagaye har dare. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa rage sitaci da sukari ya dace da wanda aka yi wa wannan tiyata fiye da kowa.

Mataki na 2: Ka zauna da likitanka kafin ka canza komai

Wannan tsari na wanda ya gama matakan farko ne, wato ruwa-ruwa, markaɗaɗɗe da mai laushi, ya koma cin abinci sosai, abin da kan ɗauki mako shida zuwa takwas. Idan kana allurar insulin ko kana shan maganin da ke sa jiki ya ƙara fitar da insulin, rage sitaci ba tare da an rage maganin ba zai iya kayar da sukarinka zuwa matakin haɗari. Magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari, waɗanda ake kira SGLT2, suna iya haddasa taruwar asid a jini idan aka matse sitaci sosai. Mai ciwon ƙoda yana buƙatar a ƙayyade masa yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, da zai ci. Mai juna biyu ko mai shayarwa kada ta shiga tsattsauran tsari. Maganin hawan jini ma kan so gyara idan nauyi ya sauka.

Mataki na 3: Ka tsayar da adadi

Ana kiran cima mai ƙarancin kabohaidiret, wato sitaci da sukari, idan kabohaidiret ɗinta bai kai giram 130 a rana ba. Tsarin keto ya fi tsanani, giram 20 zuwa 50. Ba dole ne ka kai can ba. Shawarata, ka fara da yin ƙasa da 130, ka yi mako huɗu, ka duba yunwarka da sikelinka, sannan ka sauka zuwa wajen 100 ko 80 idan akwai buƙata. Adadin da za ka iya riƙewa shekara goma ya fi wanda za ka yi mako uku ka watsar.

Domin idonka ya saba: kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45, yankan burodi ɗaya kusan 15, gwangwanin lemo mai mililita 330 kusan 35 na sukari zalla, ƙaramin cokalin sukari kuwa 4. Ka riƙa karanta bayan kwali, ka duba jimillar kabohaidiret, domin rubutun "babu ƙarin sukari" ba ya nufin babu sitaci.

Mataki na 4: Furotin ne farkon loma

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya kawai, wannan zan ɗauka. Ƙa'idojin likitocin wannan fanni sun ce kada furotin ya gaza giram 60 a rana, da yawa kuma ana ba su 80 ko fiye, gwargwadon tsawo da irin tiyatar. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kusan 30, na kifi 20 zuwa 25. Idan ka raba zuwa ci uku, kowane ci na neman giram 20 zuwa 30.

Tsarin faranti kuwa, a bi shi a jere. Furotin tukuna. Sai ganye da kayan lambu marasa sitaci, irin su kabeji, alayyafo, kokwamba, koren wake da tumatir. In akwai sauran wuri, sai cokali biyu ko uku na sitaci. Sau da yawa za ka tarar babu wurin, ka ga an rage kabohaidiret ke nan ba tare da ka riƙe biro da takarda ba. Amma idan ka fara da shinkafa ko taliya, sai su kumbura su cinye wurin, naman ya koma tukunya, bayan awa biyu kuma yunwa ta dawo.

Ka tauna kowace loma har ta yi laushi sosai, ka ajiye cokali tsakanin loma da loma, ci ɗaya ya ɗauke ka minti 20 zuwa 30. Kada ya wuce haka, domin zaman awa guda a kan faranti yana ba tumbi damar zazzagewa ana sake cika shi. Da ka ji alamar ƙoshi ta farko, ko nauyi a ƙirji ne, ko shaƙuwa, ko yoyon hanci da wasu kan yi, sai ka tsaya. Idan busasshen nama yana tsaya maka, ka dafa shi da romo har ya yi taushi. Mutane da yawa sun guje wa nama ne saboda ya taɓa maƙale musu sau ɗaya, suka koma ga abin da ke wucewa salin-alin, daga nan ƙiba ta samo hanya. Garin furotin da ake damawa yana da amfani a watannin farko ko ranar da ci ya gagara, sai dai ruwa ne, ba ya riƙe ciki kamar abin taunawa.

Mataki na 5: Ka kashe ɗan-taɓa-ɗan-taɓa

Tumbi ƙarami yana hana cin da yawa a zama ɗaya. Ba ya hana cin kaɗan-kaɗan sau ashirin a yini. Biskit biyu a wurin aiki, ɗan guntun kek da la'asar, ragowar abincin yara, 'yar gyaɗa a gaban talabijin: babu wanda ya kai a kira shi abinci, amma in aka tara sun fi abincin rana. Wannan ɗabi'a tana cikin manyan abubuwan da aka san suna dawo da nauyi bayan tiyata.

Ka yanke lokutan ci: uku a rana, da ƙari ɗaya ko biyu da aka tsara tun da safe, kamar dafaffen ƙwai, yogot marar sukari ko ɗan cuku. Komai za ka ci, ka zuba a faranti ka zauna. Abin da ka san ba ka iya tsayawa idan ka fara, kada ya kwana a gidanka. Gyaɗa da danginta ba su da sitaci da yawa, amma suna da maiƙo kuma suna wucewa da sauƙi, don haka a auna tafin hannu ɗaya a rufe sauran.

Idan ka lura hannunka na zuwa ga abinci ne lokacin ɓacin rai, kaɗaici ko gajiya, ka faɗa wa likita ya haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam. Wuƙar tiyata ba ta taɓa wannan ɓangaren ba, kuma neman taimako a kansa ba abin kunya ba ne.

Mataki na 6: Ruwa daban, abinci daban

Ka sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi. Kada ka sha kana ci, ka jira minti 30 bayan ka gama, domin ruwa yana wanke mazurarin ya kore ƙoshi. Lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace da shayi mai sukari su ne hanya mafi sauri ta shigar da ƙiba ta tumbi ƙarami. Giya kuwa tana shiga jini da sauri fiye da da, kuma haɗarin kamuwa da jarabarta yana ƙaruwa bayan baifas.

Mataki na 7: Kada ka cike gurbin da maiƙo

Masu keto a intanet suna ta kwaɗaitar da man shanu da kirim. Kai lissafinka daban ne. Giram ɗaya na maiƙo kalori 9 ne, na furotin ko kabohaidiret kuwa 4. Bayan baifas hanji ba ya tsotse maiƙo yadda ya kamata, sai zawo mai wari, kuma maiƙon da bai tsotsu ba yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Ɗan man zaitun a girki, kifi mai mai, rabin fiya, sun wadatar.

Kabohaidiret ɗin da ka bari kuwa, ka zaɓi mai harza, wato zare-zaren abinci da hanji ba ya narkarwa: wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba, ɗan itace guda da za ka tauna. Rashin harza shi ke kawo taurin bayan gida da masu wannan tsari suke yawan kuka da shi.

Mataki na 8: Bitamin har iyakar rayuwa

Wannan ba ya cikin abin da ake sassautawa. Haɗaɗɗen bitamin kullum, B12, sinadarin ƙarfe, bitamin D, da kalsiyam, wanda aka fi so ya zama nau'in sitiret, miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana a rarrabe. A bar tazarar awa biyu tsakanin kalsiyam da sinadarin ƙarfe, domin ɗaya yana tare ɗaya. Gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da kana jin garau. Idan amai ya ƙi tsayawa kwanaki, ka tafi asibiti da gaggawa: ƙarancin bitamin B1 yana iya lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwa cikin makonni. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak suna iya jawo gyambon ciki, musamman bayan baifas, kada ka sha sai da izinin likita.

Mataki na 9: Ka riƙe tsokarka

Nauyin da ya zube ba kitse kaɗai ba ne, har da tsoka, kuma jiki mai ƙarancin tsoka ba ya ƙona abinci da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tafiya da sauri, tashi-zauna daga kujera da ɗaga ƙarfe marar nauyi sun isa farawa. Ka nemi barcin awa bakwai, domin ƙarancinsa yana tayar da kwaɗayin zaƙi.

Mataki na 10: Ka ja wa kanka layi

Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, ka rubuta. Bayan nauyinka ya daidaita, ka sa iyaka, misali kilo 3 sama da inda ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ranar da ka taɓa layin, ka ɗauki mako biyu kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, har kurɓin shayi. Kusan kullum za ka ga ɓarakar da idonka, ko furotin ya ragu, ko ruwa ya dawo kan faranti, ko biskit ya samu wurin zama a aljihun tebur. Ka gyara wannan ɗin. Kada ka koma shan ruwa-ruwa zalla da sunan za ka sake tsuke tumbi, yunwa kawai za ka tara.

Idan wata biyu ko uku sun wuce sikeli na ci gaba da hawa, ka koma wurin waɗanda suka yi maka aikin. Mutane da yawa suna ƙauracewa asibiti daidai wannan lokaci saboda jin kunya, alhali a lokacin ne aka fi iya taimaka musu. Za a duba magungunan da kake sha ko akwai mai sa ƙiba, a gwada jini, a leƙa tumbin da na'ura in da buƙata a ga ko mahaɗar tumbi da hanji ta buɗe. Akwai allurai irin su Wegovy da Saxenda da likitoci ke amfani da su ga wanda nauyi ya dawo masa bayan tiyata, wasu kuma akan yi musu aikin gyara. Ka tafi da littafin da ka rubuta nauyinka da abincinka na mako biyun nan, shi likita zai fara dubawa.