Kamarar DSLR ta farko: kar ka zuba duk kuɗinka a bodi

Duk wanda ya zo min da maganar yana so ya fara ɗaukar hoto, abinda yake fara tambaya shine wai megafiksel nawa ya kamata ya saya, ni kuma sai ince masa malam bar wannan maganar tukuna, nawa ne a aljihunka? Don kaga Canon 600D da ta fito tun 2011 megafiksel 18 ne da ita, kuma har yau akwai masu cin abinci da ita a wajen biki da suna, hoton ya fita tas a wanke shi a saka a firem ba wanda zai ce maka komai.

Shawarata ka nemi DSLR ta hannu mai tsafta, wato kamara mai madubi a ciki wadda ake iya canza mata lens, gilashin nan na gaba, ita kuma kamarar zalla ba lens ita ake cewa bodi. Canon da Nikon duk sun karkata wajen kamarori marasa madubi a ciki, shi yasa masu DSLR da yawa ke sayar da nasu, kai mai koyo kuma gaba ta kai ka. A Canon ka duba 600D ko 700D, dukkansu allonsu yana juyawa kuma suna da ramin saka makirfo, in kana da niyyar bidiyo wannan ba ƙaramin abu bane. In a kwalinta kaga an rubuta Rebel T3i ko T5i kar ka ruɗe, sune dai, sunan da ake sayar dasu dashi a Amurka kenan. A Nikon kuma akwai D3300, D5300, sai D3500 ta 2018 wadda batirinta ke kai hoto wajen 1,500 a caji ɗaya, a ƙasar da wuta sai ta ga dama wallahi wannan ya fi min megafiksel daraja, sai dai ita bata da wajen makirfo.

Akwai tarko biyu da mai shago ba lallai ya gaya maka ba. Canon 4000D da wasu 2000D an cire musu ɗan ƙarfen tsakiya na wajen ɗora filasha, to filashan wasu kamfanoni masu araha sai ka ɗora su ƙi tashi, kai kuma ga kamu ana jiranka a ɗaki mai duhu. Su kuma Nikon jerin D3000 da D5000 babu injin fokus a jikinsu, dole lens ɗin ya zama an rubuta AF-S ko AF-P, in ka kwaso tsohon 50mm f/1.8D don yafi arha to da hannu zaka riƙa murɗawa har amarya ta gaji da murmushi.

To ragowar kuɗin fa? Lens. Wanda ake haɗowa da kamara, 18-55mm, ya isa ka koyi aiki da rana amma da magariba tayi sai ya fara baka kunya. Ka ƙara da 50mm f/1.8, na Canon mai STM, na Nikon mai harafin G a ƙarshe, shine ke narkar da bayan mutum hoto yayi irin na masu situdiyo ɗin nan, kuma yana shigo da haske sosai ko da wurin da duhu-duhu. Amma a ƙananan kamarorin nan yana matso da abu kusa, a ƙaramin ɗaki sai ka ja baya har ka jingina da bango, saboda haka kar ka yar da 18-55 ɗin, shi zai ɗaukar maka hoton dangi gaba ɗaya.

Ranar saye kuma kaje da memorinka, kar kaji kunyar gwaji don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fara da tambayar sau nawa shata ta buga, wato labulen ciki da ke buɗewa ya rufe duk sanda aka ɗauki hoto, irin waɗannan kamarori ana ƙiyasta musu wajen 100,000, in ta kusa kaiwa can ka nemi ragi sosai ko ka wuce abinka. Ta Nikon lambar tana ɓoye cikin bayanan hoton, akwai shafuka a intanet da zaka ɗora hoto su karanto maka, ta Canon kuwa galibi sai an jona ta da kwamfuta. Sannan ka tsuke ƙofar hasken lens ɗin zuwa f/22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton, in kaga ɗigo-ɗigo ƙura ce a sensa, wato ɗan farantin cikin kamara da hoto ke sauka a kai, ana gogewa, amma in karce ne ka ajiye musu kayansu. Cire lens ka haska tocilar waya ta cikinsa, in kaga abu kamar saƙar gizo-gizo funfuna ce, ni na taɓa sayen irinsa don ɗoki ban duba ba, hoto duk yayi hazo kamar safiyar hunturu. Danna kowane maɓalli, ɗauki bidiyo na minti biyu, ka tabbata an baka caja ta asali.

In kuɗi sun rage ka ƙara batir na biyu da jaka mai zif, kuma lokacin hunturu kar ka riƙa canza lens a fili iska na kaɗawa, shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kamarar ƙasa sannan ka canza.