Yadda Al'umma Za Ta Kare Ruwanta da Gonakinta Kafin a Fara Haƙar Ma'adinai

Tun da aka ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, hankalin jama'a ya fi karkata ga guraben aiki da kwangila. Sai dai ruwan sha da gonaki su ya kamata a sa a gaba, domin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna cewa gyara ɓarnar da mai ya yi wa ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Aikin farko shi ne tattara shaida tun motocin kamfani ba su shigo gari ba. A kafa kwamitin da ya ƙunshi mai unguwa, liman, manoma, makiyaya da mata, tunda su ne suka fi kowa sanin halin da rijiya take ciki. A auna kowace rijiya a ƙarshen rani, a rubuta gaba nawa guga yake tafiya kafin ya taɓa ruwa, sannan a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji a karɓo sakamako a rubuce. A ɗauki hoton iyakokin gonaki, burtali da mashaya, a kuma ƙirga itatuwan ɗorawa, kaɗanya da tsamiya, kowanne da sunan mai shi. Dalili kuwa shi ne, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora diyya a kan amfanin gona da gine-gine, ba a kan ƙasar kanta ba, saboda haka duk abin da ba a rubuta ba da wuya a biya shi.

Bayan wannan sai a sa ido kan rahoton tantance illar aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka. Ana ajiye shi domin jama'a su duba na tsawon ranakun aiki 21, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha. Wa'adin gajere ne, rahoton kuma da Turanci yake, don haka a nemi ɗan gari mai ilimin fannin ya bayyana shi a bainar jama'a. A tambayi inda gurɓataccen ruwa zai kwarara, yadda za a rage ƙura, da wanda zai cike ramuka idan aiki ya ƙare, sannan a miƙa ƙorafi a rubuce a karɓi shaidar miƙawa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta shardanta yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara haƙa, dokar man fetur ta 2021 kuma ta ware wa al'ummomin da ake aiki a yankinsu kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani. A ganina, bai dace a sa hannu a kan yarjejeniyar a ɗakin wani babba ba tare da an karanta wa jama'a ba, ko da kuwa mutumin kirki ne. Idan ɓarna ta auku, malalar mai ana kai ƙararta ga NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, sauran gurɓata kuma ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tare da sakamakon gwajin ruwan farko domin a kwatanta.