Yadda ake shan warfarin lafiya

Duk wanda likita ya ɗora wa warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko don gudan jini a jijiyar ƙafa, ko bugun zuciya mara tsari, ko bawul ɗin ƙarfe da aka sa a zuciya, ya riƙe gwajin INR, gwajin jini mai auna saurin daskarewarsa, da muhimmanci. Yawanci ana so lambar ta zauna tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul kuma 2.5 zuwa 3.5. In ta yi ƙasa, jini na iya daskarewa har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In ta haura, jini ya tsinke fiye da kima.

A sha a lokaci guda kullum, misali bayan magariba. Wanda ya manta ya tuna a ranar, ya sha. In har gari ya waye, ya bar na jiya, kada ya haɗa biyu. A riƙa karanta miligiram a jikin kwali, domin launin ƙwaya kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai batun ganye, inda mutane kan ruɗe. Alayyahu, kabeji da latas, irin waɗanda ke cika kasuwar Farin Gada ta Jos, suna ɗauke da bitamin K mai rage ƙarfin warfarin. Jin haka sai wasu su yanke ganye baki ɗaya, kuma kuskure ne. Abin da ake nema shi ne daidaito. Mai cin miyar ganye sau uku a mako ya tsaya a haka, don a kan wannan cimar aka auna masa magani. Kwaɗon zogale kwano guda yau, sannan mako biyu babu, shi ke sa lambar hawa da sauka.

Haɗari mafi girma yana kemis. Ibuprofen, diclofenac da asfirin na ƙara zubar jini. Don ciwon kai, farasitamol ya fi sauƙi. Flagyl da Septrin na ɗaga INR sosai, rifampicin na tarin fuka kuma yana karya ta. Jiƙo da sassaƙe ma sai an tambayi likita. A guji ƙaho wurin wanzami, a kuma sanar da likita kafin cire haƙori. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa da wuri, domin warfarin na illa ga ɗan tayi, allurar heparin, wani maganin hana daskarewar jini, ake komawa.

Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, aman jini, haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko buguwa a kai ko da babu rauni a waje: a garzaya asibiti nan take da katin INR a hannu.